Goge Da Masu Goge: Ina Gadon Alhaji Garba Liyo Ya Kwana?

Daga Wakilinmu

A cikin shekarar 1976 wani kamfanin faifai da ke birnin Niyok na ƙasar Amurka, mai suna Folkways, ya fitar da wani faifan garmaho wanda tun daga farkonsa har ƙarshensa kiɗan wani Bahaushe ne mai goge. Sunan makaɗin Alhaji Garba Liyo, wanda aka fi saninsa da garin Funtuwa, ko da yake a jikin faifan an rubuta sunan nasa Leao. Wani Ba'amurke mai suna Randall Grass, wanda ya zauna a Nijeriya ta Arewa a wancan lokaci, shi ne ya ɗauki kiɗan, ya kuma rubuta bayani a kansa.

Mai kamfanin, Moses Asch, ya rasu a 1986. A shekarar da ta biyo baya sai babbar cibiyar nan ta ajiye kayan tarihi da ke Washinton, watau Smithsonian, ta karɓi dukan faya-fayan kamfanin, su fiye da 2,000, bisa alkawarin cewa ba za a bar ko ɗaya daga cikinsu ya ɓace ba, ko ana saye ko ba a saye. Albarkacin wannan alkawari, yau ɗalibin da ke Landan ko Alƙahira yana iya neman kiɗan Garba Liyo ya same shi garau, da sunan mai kiɗan, da shekarar da aka fitar da shi, da bayaninsa a rubuce.

To, a nan gida fa? Wanda duk ya taɓa fita neman tsohon kiɗan goge ya san yadda abin yake. In an yi sa'a a same shi a wurin masu tura waƙa a waya, an kwafo daga wani tsohon kaset, babu shekara, babu sunayen 'yan amshi, wani lokaci ma an liƙa wa kiɗan sunan wani makaɗi na daban. Wannan shi ne abin da ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibanmu su tsaya su duba da idon basira, domin gwanin goge ba ya barin gini ko littafi. Abin da ya sani yana cikin kansa da yatsunsa, kuma ran da aka kai shi makwanci, in ba a yi tanadi ba, tare ake binne su.

YADDA AKE HAƊA GOGE

Mai kallo daga nesa yana iya ɗaukar goge abin wasan yara, amma haɗa shi aiki ne na masu sani. Ana samun ƙwarya mai kauri wadda ta bushe sarai, a rufe bakinta da fatar guza ko ta damo, a ja ta ta ɗame, a kafe ta. Sa'an nan a huda wata kafa a gefen fatar, inda amo zai riƙa fita. Ana soka sanda ta ratsa ƙwaryar, ita ce wuyan gogen. Tsirkiyar kuwa guda ɗaya ce tak, amma ba zare ɗaya ba ce: gashin wutsiyar doki ne ake tarawa da yawa, a daidaita shi, a ɗaure daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Tsakanin tsirkiya da fata akwai wani ɗan itace da ke tokare ta, wanda makaɗa ke kira jaki, domin shi ke ɗauke da kaya. Abin da ake gogawa da shi, watau izga, kamar ɗan baka yake, shi ma da gashin doki, kuma sai an shafa masa ƙaro kafin ya kama tsirkiya ya ba da murya. In damina ta yi, fata ta yi sanyi ta saki, sai mai goge ya kara ta kusa da wuta ko ya shanya ta a rana kafin ta dawo daidai.

Wurin kaɗawa ne gwaninta take. Wuyan goge ba shi da wata alama da za ta nuna wa mutum inda zai sa yatsa, kuma ba a danne tsirkiyar har ta taɓa sanda. Taɓa ta kawai ake yi da cikin yatsun hannun hagu, hannun dama kuma yana jan izga. Kuskuren da bai kai faɗin ƙwayar gero ba ya isa ya ɓata murya. Kunne ne kaɗai jagora, shi ya sa yaro kan shekara da shekaru yana bin ubangidansa, yana kaɗa masa ƙwarya, yana amshi, kafin a yarda ya riƙe goge a gaban jama'a.

Daɗin daɗawa, Hausa harshe ne mai hawa da sauka, inda karin sauti kan raba ma'anar kalma da kalma. Da yake goge yana iya zamewa daga wannan murya zuwa waccan ba tare da yankewa ba, gwani yana iya sa shi ya bi karin magana, har mai sauraro ya gane kirarin da ake yi ko sunan da ake kira, alhali makaɗin bai buɗe baki ba. Abin da mutane ke nufi ke nan in sun ce gogen wane yana magana.

Goge yana da ƙane, watau kukuma. Siffarsu ɗaya, sai dai kukuma ta fi ƙanƙanta, muryarta kuma ta fi siriri.

ZUMUNCINSA DA GOGEN TURAWA

Abin kiɗan nan mai tsirkiya huɗu da Turawa ke saƙalawa a ƙarƙashin haɓa, wanda suke kira bayolin, mu kuma muke ce masa gogen Turawa, masana da yawa suna ganin kakansa da na gogenmu ɗaya ne. Tun a ƙarni na 10 shahararren malamin nan Alfarabi, wanda ya rasu a wajajen 950, ya ambaci rababa a cikin babban littafinsa na ilmin kiɗa. Rababa ta bi Larabawa zuwa Andalus da sauran gaɓar Bahar Rum, Turawa suka karɓa suka yi ta sauya mata siffa, har a ƙarni na 16 masassaƙan arewacin Italiya, irin su Andrea Amati na garin Kiremona, suka fitar da gogen Turawa kamar yadda aka san shi yau. A wannan gari ne kuma Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, ya sassaƙa gogunan da yanzu ake sayar da guda ɗaya a kan miliyoyin daloli. A ɗaya ɓangaren kuwa, masana suna ganin ta hanyar fataken Sahara ne irin wannan abin kiɗa ya gangaro ƙasashen Sudan, inda ya samu ƙwarya da fatar guza ya zauna.

Har yanzu alamar zumuncin ba ta ɓace ba. Izgar gogen Turawa, komai tsadarta, da gashin wutsiyar doki ake yin ta, kuma Baturen ma sai ya shafa mata ƙaro kafin ta yi magana. Shi ma wuyan gogensa ba shi da alamar inda za a sa yatsa. Wahalar da yaron Funtuwa ke sha wajen koyo, ita ce yaron Italiya ke sha.

ABIN DA IYAKA BA TA TSARE BA

Wanda ke son ya ga yadda goge ya game Afirka ta Yamma, ba sai ya yi nisa ba. Ya duba ƙasar Bagudo a Jihar Kebbi, daga Matsinkai zuwa Illo, da Lolo, da Tsamiya, da Ka'oje. Nan ne Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa suke zaune tare, suna cin kasuwa ɗaya, Kogin Kwara kuma ya ratsa ta tsakaninsu. Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ita ce ta shata iyakar da ta bar Illo a hannun Ingilishi, ta bar 'yan'uwansu na yamma a ƙasar Dahome, wadda ta koma Benin a 1975, na arewa kuma, wajen Gaya, suka faɗa ƙasar da ta zama Nijar. An raba haraji da tuta da harshen makaranta, amma ba a raba kiɗa ba. Abin da Bahaushe ke kira goge, Bazabarme da Badande suna kiransa goje, kuma a wurinsu ma shi ne ke kiran iskoki a wasanninsu na gargajiya. Ocora, kamfanin faifai na gidan rediyon Faransa, ya taɓa fitar da faifai sukutum na kiɗan Dandi na Nijar, na wani makaɗi da ake kira Haruna Goge.

Ta wannan yanki ne kuma ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro ta bi a zamanin da. Ayari kan taso daga Kano ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya nufi Gwanja. A kan wannan hanya ƙasar Dagomba take, a arewacin Gana ta yau, kuma a can sunan abin kiɗan gonje. Abin lura shi ne matsayinsa a wurinsu: kiɗan fada ne, ana yi wa Sarkin Dagomba, watau Ya Na, a fadarsa da ke Yandi, ana gadonsa daga uba zuwa ɗa, kuma masu kaɗa shi suna riƙe da tarihin sarakuna a ka. Har wa yau akwai Hausa a cikin waɗansu waƙoƙinsu.

A ƙasar Yarabawa sunansa goje, shi ne kuma ƙashin bayan kiɗan sakara na Musulmin can. Yusuf Olatunji na Abekuta, wanda ake wa laƙabi da Baba Legba, ya rasu a 1978 ya bar faya-fayai masu yawa, har gobe Yarabawa suna alfahari da shi. A wurin Buzaye kuwa sunansa imzad, kuma mata ne kaɗai ke kaɗa shi, maza suna zaune suna saurare cikin ladabi. A Mali, marigayi Ali Farka Ture, wanda ya rasu a 2006 bayan duniya ta san shi da jita, bai yar da ɗan gogen Sanwai da ake kira njarka ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ke nan abu ɗaya ne, amma wani wuri yana fada, wani wuri yana hannun mata masu daraja. Me ya sa a ƙasar Hausa ya zama abin da ake jin kunyar a ce ɗan wane yana yi?

DALILIN RAINI

Dalili na farko shi ne bori. Goge da garaya su ne manyan kayan kiɗan bori, kuma kowane iska yana da takensa: na Sarkin Rafi daban, na Inna daban, na Ɗan Galadima daban, haka na Kuturu da na Malam Alhaji. Mai gogen bori dole ya haddace su duka, ya san wanda ke bin wani. Da aka yi jihadi a 1804, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi na Gwandu da almajiransu sun yi wa'azi mai ƙarfi a kan bori da duk abin da ya raɓe shi, kuma a zamanin En'e ma an sha hana wasan a garuruwa. Laifin da aka ga bori da shi sai ya shafi abin kiɗan.

Dalili na biyu shi ne bariki. Da Turawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, aka buɗe kasuwannin gyaɗa da auduga, sai sababbin garuruwa suka cika da baƙi, 'yan ƙwadago da direbobi da 'yan kamasho da mata masu zaman kansu. Funtuwa tana cikin irin waɗannan garuruwa, ga tashar jirgi, ga injin gurzar auduga, ga mahaɗar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina. Mutanen da suka baro gida suna bukatar abin da zai ɗebe musu kewa da dare, goge kuwa ya amsa kira. Sai ya zamana in an ambaci goge, abin da ke faɗo wa dattijo a rai shi ne hotal da gidan giya. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi suna da sarki a bayansu. Mai goge ba shi da kowa sai 'yan kallonsa.

A cikin wannan hali ne Garba Liyo da takwarorinsa, irin su Audu Yaron Goge, suka yi suna. Abin da ya taimake su shi ne rediyo. Tun daga 1962, da aka buɗe gidan rediyon Kaduna, kiɗan da a da sai wanda ya je dandali zai ji shi ya shiga zaure da tsakar gida, har matan kulle suka san shi. Sa'an nan rikoda da kaset suka zo suka ƙara yaɗa shi. Ita ma kukuma ta samu nata gwanaye: Ibrahim Na Habu, wanda ake ganin shi ya fito da ita fili, da Garba Supa na Kano, da Ahmadu Doka, da Hassan Wayam wanda ya zauna a Zariya. Waɗannan mutane sun fitar da goge da kukuma daga da'irar bori zuwa wasan biki da suna da waƙar yabon masu sana'a, suka nuna abin kiɗan yana iya tsayawa da ƙafarsa. Kalmar Alhaji da ke gaban sunan Garba Liyo ita kanta shaida ce: da tsirkiya ɗaya mutumin ya yi suna, ya kuma sauke farali, har baƙo daga wata nahiya ya ga ya cancanci faifai nasa shi kaɗai.

Amma daga shekarun 1990 kiɗa ya sauya. Fiyano ta shigo ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, yaro ɗaya da na'ura yana fitar da amon da a da sai an tara mutum shida. Masu biki suka koma ga abin da ya fi araha, 'ya'yan makaɗa da yawa kuma suka kama wata sana'a.

YADDA WAƊANSU SUKA TANADI NASU

Domin a ga abin da ake nufi da tanadi, bari mu ɗauki misalin wani gwanin gogen Turawa wanda ya yi zamani da su Garba Liyo, watau Yehudi Menuhin. An haife shi a Niyok ran 22 ga Afrilu, 1916, iyayensa Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga ƙasar Rasha. Ya tashi a San Faransisko, kuma tun yana ɗan shekara 7 ya fara kiɗa a gaban jama'a. A 1927, yana da shekara 11, ya tsaya a babban zauren Carnegie na Niyok ya kaɗa ɗaya daga cikin manyan ayyukan Beethoven, manyan makaɗa suka riƙe baki. A 1932 ya ɗauki faifai a Landan tare da dattijon mawallafin kiɗa na Ingila, Edward Elgar, faifan da har yau ake saye.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya yi wa sojojin ƙawance wasa fiye da sau 500. A watan Yuli na 1945 ya je ya yi wa waɗanda suka tsira daga sansanin azaba na Belsen kiɗa. Bayan shekara biyu kuma ya koma Barlin ya yi wasa tare da Jamusawa, abin da ya jawo masa zagi daga mutanensa, shi kuwa ya tsaya a kan cewa dole a fara sulhu daga wani wuri. Bai raina kiɗan kowa ba: ya zauna a tabarma ɗaya da Ravi Shankar na Indiya suka yi faifai wanda ya fito a 1967, kuma daga 1969 zuwa 1975 shi ne shugaban Majalisar Kiɗa ta Duniya da ke ƙarƙashin inuwar UNESCO. Ya rasu a Barlin ran 12 ga Maris, 1999, wata uku kafin mu ma mu yi rashin Alhaji Mamman Shata.

Abin da ya shafe mu a tarihinsa shi ne abin da ya rage bayan ransa. A 1963 ya kafa makarantar koya wa yara masu baiwa kiɗa a Ingila, tana nan tana aiki. A 1983 ya kafa gasar matasa masu goge, aka ci gaba da yin ta bayan ransa. Faya-fayansa na kusan shekara 70 suna ajiye, kowanne da ranar da aka ɗauke shi. Takardunsa da wasiƙunsa kuwa, Makarantar Kiɗa ta Sarauta da ke Landan ta saye su a 2004 ta adana. Wanda aka haifa bayan rasuwarsa yana iya sanin wa ya koya masa, wa ya koya wa malaminsa, wa kuma shi ya koyar.

Babu mai cewa yatsun Menuhin sun fi na gwanayenmu jin magana don kawai shi Bature ne. Shi da tsirkiya huɗu ya yi aiki, da takarda a gabansa. Namu da tsirkiya ɗaya suka yi, da ƙwaƙwalwa. Bambancin da ke akwai shi ne, shi an tsaya masa da alƙalami da ma'aji da makaranta.

ƊAN ABIN DA AKA YI

Ba za a ce ba a yi komai ba. A farkon shekarun 1960 David Ames ya ɗauki kaɗe-kaɗe a ƙasar Zazzau, Anthony King kuma ya yi aiki a Katsina, suka haɗu suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya wallafa littafinsa Makaɗa da Mawaƙan Hausa a 1996, ya kuma ci gaba da tattara waƙoƙin baka a rubuce. Wata malama Ba'amurkiya, Jacqueline DjeDje ta Jami'ar Kalifoniya, ta fitar da littafi guda a 2008 a kan goge a tsakanin Fulani da Hausawa da Dagomba. Ita kanta a hannun wani gwanin Dagomba, Salisu Mahama, ta koyi kiɗan, domin Jami'ar Gana da ke Legon ta ɗauke shi aiki yana koyarwa.

Buzaye ma sun ba da misali. Da suka ga tsofaffin mata masu imzad suna ƙarewa, sai aka kafa ƙungiya a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya, aka buɗe wurin da tsofaffin za su koya wa 'yan mata. A 2013 UNESCO ta sa imzad cikin jerin al'adun da duniya ta gada, da sunan Aljeriya da Mali da Nijar baki ɗaya. Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce ga wannan hanya, domin a 2016 bikin kamun kifi na Argungu ya shiga wannan jeri.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Wani zai ce, ina ruwan hukuma da kiɗan da malamai suka yi magana a kansa? Amsa ita ce, adana abu daban, yin fatawa a kansa daban. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu yana ajiye da takubba da masu da tambura, ba don a koma yaƙi ba, sai don na baya su san yadda na gaba suka rayu. A cikin waƙoƙin masu goge akwai sunayen garuruwa da kasuwanni, da fatake da direbobi, da tsofaffin kalmomin da suka fara ɓacewa daga bakin mutane. Mai nazarin harshe da mai nazarin tarihi duk suna da rabo a ciki, ko da ba su taɓa taka rawa ba.

Aikin kuwa bai fi ƙarfinmu ba. Abin da a 1976 sai baƙo ya zo da na'ura mai nauyi, yau wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana iya yin sa. Ɗaliban sashen Hausa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da na Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie da ke Argungu, da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, maimakon kowace shekara a yi ta maimaita nazari a kan mawaƙa biyu ko uku da aka riga aka gama rubutu a kansu, ai ana iya tura waɗansu ƙauyukan Bagudo da Dandi da Arewa da Yawuri su nemi masu goge da masu kukuma. In an same su, a tambayi sunansu da na iyayensu, da wanda ya koya musu, da wanda ya koya wa wancan. A ɗauki hoton yadda ake haɗa gogen tun daga ƙwarya har izga. A ɗauki kowane take, a rubuta sunansa da ranar da aka ɗauka da wurin. A kuma biya makaɗin hakkinsa, a bar masa kwafi, kada a maimaita abin da aka daɗe ana yi musu na a ɗauki muryarsu a tafi ba ko na goro.

Ma'aikatan gidajen rediyo na Kaduna da Kano da Sakkwato da Birnin Kebbi su ma suna da nasu nauyi. Tsohon tef ba ya jure zafi da ƙura da laima, yana kuma lalacewa ko ba a taɓa shi ba. Duk wanda ke ajiye a ɗakunansu ya kamata a juye shi cikin kwamfuta tun yana juyuwa, a tsara shi, a buɗe wa masu nazari. Jami'an al'adu na ƙananan hukumomin bakin iyaka kuma, tun da kasuwa ɗaya suke ci da mutanen Malanbil da Segbana da Gaya, ba abin wuya ba ne su tuntuɓi takwarorinsu na can a yi aikin tare, kamar yadda ƙasashe uku suka haɗu a kan imzad. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sa'an nan akwai maganar koyarwa, wadda ita ce ta fi duka. Faifai yana riƙe murya, amma ba ya koya wa yaro inda zai sa yatsa. In jami'ar Gana ta iya ɗaukar mai gonje ta ba shi albashi da ɗalibai, babu abin da zai hana wata kwaleji tamu ta gayyaci dattijo mai goge, ko da sau ɗaya a mako ne, ya zauna da yara biyar ko shida masu sha'awa.

Alhaji Garba Liyo ya yi sa'a, baƙo ya zo ya ɗauki kiɗansa, wata cibiya a Washinton kuma ta yi alkawarin riƙe shi. Sauran gwanayen da ke tsakanin Kwara da iyakar Benin ba su da wanda ya yi musu irin wannan alkawari, kuma ba daidai ba ne su zauna jiran wani baƙon. Muna fata hukumomin da abin ya shafa za su duba wannan magana tun masu sanin suna da rai. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba na raye ikon yin abin da ya kamata.